Sawun da Injin Ya Bari

Da hantsi aka gano tiyon, irin wanda ake zuƙo mai daga tanki da shi. Yana nannaɗe a ƙarƙashin katifar Dogo, a ɗan ɗakin da ke jikin famfon mai. Kafin Manaja ya gama ɗaga shi sama, kowa a filin jirgin ya riga ya yanke hukunci.

Jiya jirgin Kyaftin ya faɗo. Ƙaramin jirgi ne mai farfela ɗaya, wanda yake kai magani da ma'aikatan asibiti ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. An zuba masa man awa huɗu, injin ya mutu a sama bayan awa uku da 'yan mintoci, saura ƙiris ya iso gida. Kyaftin ya dire shi a wata gona da ruwa ya kwanta, can bayan shingen fili. Nas da ke zaune a gefensa ta karye a ƙafa, shi kuma goshinsa ya fashe. Da aka buɗe tankuna, babu ko ɗigo.

Dogo ne mai zuba mai. Don haka aka ja shi aka tura cikin kwantenar ajiye kaya, Manaja ya danna kwaɗo ya jefa makulli a aljihu. 'Yan sanda sun ce a waya ba za su iya tsallakowa ba sai ruwa ya sauka daga kan gada, wataƙila da la'asar. Ta gadar nan kuwa, babu shiga, babu fita. 'Yan dako da dangin Nas suka zauna a inuwar shinge, wasu da sanduna a kan cinya, rana kuma ta fara dukan ƙarfen kwantena.

Matar Dogo ba ta yi kuka ba. Ta ɗaure zani ta tafi gidan kawunta, Mai-sawu, ta taho da shi.

*

Mai-sawu tsoho ne da ya ƙare rayuwarsa yana bin sawun shanun sata. Kullum kansa a ƙasa yake, ko magana yake da kai ƙasa yake kallo. Bai taɓa shiga jirgi ba, kuma bai da niyya.

Ya kara kunnensa a tsagar ƙofar kwantena. Ƙarfen ya yi zafi har sai da ya sa hula a tsakani.

"Dogo."

"Kawu? Kawu, wallahi numfashi nake nema. Kamar an kifa ni a tukunya."

"Rage magana, ka amsa abin da na tambaya kawai. Nawa ka zuba?"

"Zuwa tsagar sanda. Akwai sandar awo da muke tsomawa a tanki, Kyaftin ne ya tsaga ta da wuƙa tun ban zo ba. In doguwar tafiya ce, iyakar tsagar nan ake zubawa, don a samu nauyin ɗaukar magani. Shi da kansa ya duba ya rufe."

"Tiyon fa?"

"Ban taɓa ganinsa ba. Ni ɗakin ma ko sakata babu."

"To me ya sa kowa ya yarda kai ne?"

Dogo ya yi tari. "Wata biyu ke nan jirgin nan yana shan mai fiye da da. Ni na fara gani, ni na faɗa wa Manaja. Ya dube ni ya ce, a'a, ba jirgi ne yake sha ba."

Mai-sawu ya juya wurin 'yar ƙanwarsa. "Ki samo jiƙaƙƙen buhu ki shimfiɗa a ƙofar nan. Kada ki yi faɗa da kowa."

*

Manaja ya miƙa wa Mai-sawu tiyon da yatsa biyu.

"Baba, nan fa ba saniya aka sace ba. Man jirgi ba ya barin kofato."

"Komai yana bari, ranka ya daɗe."

Ya shinshina bakin tiyon, ya busa shi a kan farar takarda. Ɗan abin da ya fito jaja-jaja ne. Ya je famfo ya ce a ɗiga masa man jirgi a gefe. Wannan shuɗi ne kamar ruwan bula, warinsa ma dabam.

"Wannan tiyo fetur ɗin mota ya saba sha," ya ce.

"Ɓarawo bai iya wanke tiyo ba?"

"Da fetur?"

Manaja ya ɗauke kai.

A bayan famfo Mai-sawu ya ga wani sawu da ya ja hankalinsa: silifas mai cinyayyen dunduniya, yana zuwa inda ake ajiye jirgi yana komawa, kullum ta hanya ɗaya, har ciyawa ta kwanta. Ya bi shi. 'Yan dako suka taso suka biyo bayansa da sandunansu. Sawun ya tsaya a ƙofar bukkar Maigadi.

Maigadi ya fito, ya ɗauko wata kwalba da hannu biyu. Shuɗin mai ne, rabi.

"Don girman Allah ku tsaya! Kowace safiya ana tatsar ɗan kofi daga ƙasan fiffike a duba ko ruwa ya shiga, sai a watsar. Ni nake tarewa. Sarƙar keke nake wankewa."

"Tun yaushe kake tarawa?"

"Tun farkon damina."

Wani ɗan dako ya ce, "Kai, da wannan ko babur ba zai kai ka kasuwa ba." Aka yi dariya kaɗan, aka koma inuwa. Sanduna dai ba a ajiye ba.

*

Nas tana kwance a kan benci a ɗakin jira, an ɗaure mata ƙafa da katako biyu. Ita ma gadar take jira.

"Sannu, 'yata. Kin daɗe kina tafiya da Kyaftin?"

"Shekara tara, Baba. Ya fi kowa iyawa. Jiya ma da wani ne, da yanzu zaman makokina ake."

"Kin ga wani abu da ya bambanta jiya?"

"Babu. Mun tashi lafiya, mun sauke kaya, mun juyo. Surutu na yi ta yi har injin ya ɗauke." Ta ɗan yi murmushi. "Kwanan nan ma ya daina hana ni."

"Da yana hana ki?"

"Kai, Baba! In mun gama hawa sama, sai ya ɗaga yatsa ya ce kowa ya yi shiru, zai saurari yarinyarsa. Jirgin yake nufi. Ya zame abin kunnensa gefe guda, ya kama wani mariƙi mai jan kai yana janyowa a hankali, ido a lumshe. Ko tari ka yi sai ya harare ka. Har tsokanarsa nake, in ce uwargida ta san da wannan yarinyar kuwa?"

"Yaushe ya daina?"

Ta yi tunani. "Zai kai wata biyu. Na ɗauka tsufa ne ya sa shi haƙuri."

Mai-sawu ya yi mata fatan sauƙi, ya nufi rumfar jirage.

*

A rumfar jirage Bakanike yana zaune a kan tayar da aka kifa, yana goge fulogi da buroshin waya. Shi da Kyaftin tare suka fara aiki, tun suna da baƙin gashi. A gefe akwai tsohon jirgin koyo mai kujera biyu.

"Maigida, koya mini wani abu," in ji Mai-sawu. "Mariƙin nan mai jan kai, mene ne aikinsa?"

Bakanike bai ɗago ba. "Injin yana cin mai ne haɗe da iska. A ƙasa iska tana da kauri, sai a sakar masa mai duka. In an hau sama iska ta yi shara-shara, man ya yi masa yawa. Sai matuƙi ya janyo mariƙin, ya rage. Yana ja yana saurare, har muryar injin ta fara rawa, sai ya mayar kaɗan. Nan ne daidai. Mai ya daɗe, injin ya huta."

"Babu agogon da yake nunawa?"

"Akwai allurar zafin hayaƙi. Ta mutu tun bara. Manaja ya ce me za a yi da ita, ga kunnen Kyaftin."

"In ba a ja mariƙin ba fa?"

Buroshin ya tsaya. "Sai ya sha mai."

"Kamar fitilar ƙwai in an ɗaga lagwani ya yi yawa? Kananzir ya ƙare da wuri, gilashi ya yi baƙi?"

"Ni ban san fitila ba, Baba. Aiki nake."

Mai-sawu bai dubi fuskarsa ba, takalminsa ya duba. Dunduniyar hagu an yi mata faci da guntun taya. Fulogin da ke cikin kwano kuwa baƙi ƙirin, kamar an tsamo su daga murhu.

*

Kyaftin yana ofis shi kaɗai, an naɗe masa goshi. Dattijo ne mai tsabta, rigarsa a goge ko yau.

Mai-sawu ya gaishe shi, ya zauna, ya yi tambayarsa yadda ya saba, kai a sunkuye.

"Ranka ya daɗe, jiya iska tana gabanka ne ko tana bayanka?"

"Da sauƙi. Ɗinki huɗu ne kawai."

Mai-sawu ya ɗago. Kyaftin ba idonsa yake kallo ba, bakinsa yake kallo.

"Malam, in za ka yi mini magana ka dube ni," in ji Kyaftin. "Ba na son ana yi wa ƙasa magana."

"Tuba nake. Cewa na yi, kana ganin Dogo ne?"

Kyaftin ya juya wajen taga. Daga nan ana hango kwantena, da matar da take yayyafa wa buhu ruwa.

"Ni ban ce shi ne ba."

"Ba ka kuma ce ba shi ba ne."

Bai amsa ba. Wataƙila bai ji ba, don ya riga ya ba da baya.

*

Jirgin yana gona, hancinsa a laka, jelarsa a sama. Sawun jiya ya cika wurin, na masu ceto da na 'yan kallo, amma ruwan asuba ya bi ta kansu ya dusashe su. A samansu akwai sawu guda mai kaifin baki, wanda aka taka bayan ruwa ya ɗauke. Mutum ɗaya ne, ya zo da sauri, bai zagaya jirgin ba kamar mai kallo. Kai tsaye ya nufi ƙarƙashinsa. Dunduniyar hagu tana da zanen taya.

Mai-sawu ya tsuguna. Ga shatin kwali inda mutumin ya shimfiɗa ya kwanta rigingine, ga inda dugadugansa suka tokare. Ya leƙa sama. Ko'ina a jikin jirgin laka ce, amma daga bakin salansa zuwa baya, wajen kamu uku, an goge tas yana ƙyalli.

Wa zai shigo laka da sassafe don ya wanke cikin mataccen jirgi?

Ya bi sawun komawa. Taku goma sha biyu, mutumin ya tsaya, nauyinsa ya koma ƙafar dama, ya danna wani abu a gindin ciyawa. Mai-sawu ya tura hannu har gwiwa ya zaro. Tsumma ne, ya sha baƙin hayaƙi har ya yi maiƙo. Ya koma ya zura yatsa cikin salansa. Yatsan ya fito kamar an tsoma shi a tawada.

Daga can fili ya ji ana dukan ƙarfe. Dogo ne yake buga ƙofa, kuma bugun ba ƙarfi.

*

Ya tara su a rumfar jirage: Manaja, Kyaftin, Bakanike, Maigadi, matar Dogo. Aka ɗauko Nas da bencinta. 'Yan dako suka cika ƙofa har iska ta daina shigowa.

Mai-sawu ya ajiye tiyo da tsumma a kan durom.

"Ni ban san jirgi ba," ya ce. "Amma na san in dabba ta ci abin da ya fi ƙarfin cikinta, a bayanta ake gani. Babu wanda ya saci man nan. Injin ne ya shanye, ya amayar da shi hayaƙi. Ga shi a tsumma."

"Shirme," in ji Manaja. "Shekara ashirin Kyaftin yana wannan tafiyar da man tsagar sanda, yana dawowa da saura."

"Shi ya sa nake roƙon ya nuna mini yadda ake yi. Maigida, jirgin koyon nan yana tashi?"

Bakanike ya ce, "Yana tashi."

"A turo shi bakin ƙofa. Ka tayar, ka ja mariƙin a hankali. Kyaftin zai ba mu baya. Da zarar muryar injin ta fara rawa, ya ɗaga hannu." Wannan karon ya dubi Kyaftin sosai, ya buɗe baki yadda zai gani. "Ka yarda, ranka ya daɗe?"

Kyaftin ya dubi mutanen da ke ƙofa. Babu ta inda zai bi. Ya gyara wuyan rigarsa, ya juya ya fuskanci bango.

Aka sa wa tayoyi waigi, injin ya tashi, rumfa ta ɗauki ƙara. Bakanike ya ɗaga wuta, ya kama mariƙin yana ja a hankali. Da farko muryar sumul take. Sai ta ɗan yi sama. Sai ta fara rawa, tana tsallake bugu kamar mai shaƙuwa. Nas ta ji. Maigadi ya ji har ya ɗaga nasa hannun bai sani ba. 'Yan dako suka dubi juna.

Hannun Kyaftin yana ƙasa. Ya karkatar da kai gefe, ya lumshe ido, yana jira.

Injin ya yi tari, ya sake yi. Kyaftin bai motsa ba. Bakanike ya kasa jurewa, ya fizge mariƙin gaba ɗaya, farfela ta yi juyi biyu ta tsaya. Sai a lokacin hannun ya tashi, a hankali, cikin shirun da ya cika rumfar.

Babu wanda ya yi dariya.

Bakanike ya sauko, ya zauna a ƙasa. "Ni na sa tiyon," ya ce. "Na motata ne. Ni na goge cikin jirgin yau, ni nake gogewa kowace yamma wata biyu. Shi bai sa ni ba. Na ce a raina Dogo yaro ne, in an kore shi zai samu wani aikin. Wannan kuwa in likita ya duba kunnensa, an karɓe takardar tuƙi, me ya rage masa?"

"Kora?" in ji matar Dogo. "Kora ka gani a hannun mutanen can? Baban wasu, ka ji kunya wallahi."

Kyaftin ya juyo. Bai ji abin da aka ce ba, amma ya ga amininsa a ƙasa, ya ga tsumma.

"Zazzaɓi na yi," ya ce, muryarsa ta fi yadda ya kamata ƙarfi. "Da na tashi, kamar an toshe mini kunne da auduga. Na ce zai washe. Rannan a kan duwatsu na ja mariƙin, ban ji komai ba, na ci gaba da ja, sai da jirgin ya girgiza ya kusa mutuwa da mutum huɗu a ciki. Tun ranar hannuna yake tsoronsa. Gajerun tafiye-tafiye ba sa tona ni. Jiya na tsaya a kan fiffike da sandar nan a hannu, na san man ba zai isa ba sai in iska ta taimaka. Kalma ɗaya ce, ƙara. Amma da na faɗa, sai a tambaye ni dalili."

Nas ta juyar da fuska bango. "Da ni a gefenka, Kyaftin," ta ce a hankali. "Ina ta yi maka hira." Bai ga bakinta ba, don haka bai amsa ba.

Manaja ya fara cewa dole a jira 'yan sanda a yi komai bisa tsari.

"Za su zo," in ji Mai-sawu. "In sun zo akwai maganar allurar da ta mutu tun bara ma. Kawo makulli."

Manaja ya zaro shi da sauri. Kyaftin ne ya miƙa hannu ya karɓa.

*

Kyaftin da kansa ya tsallaka filin, mutane suna buɗe masa hanya, sanduna suna sulalewa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Kwaɗon ya ƙona masa yatsu, bai saki ba. Da ƙofar ta buɗe, zafi ya fito kamar daga bakin tanda.

Dogo yana zaune a jikin ƙofar, rigarsa a jiƙe sharkaf, leɓɓansa sun tsage. Matarsa ta tallafe shi ta kafa masa kofi. Ya sha, ya sha, sannan ta raɗa masa abin da ya faru. Mai-sawu ya tsaya gefe yana goge baƙin yatsansa a ciyawa. Can nesa, ta wajen gada, an fara jin kukan mota.

Dogo ya yi magana, kansa a ƙasa, murya a dushe.

"Me ya ce?" Kyaftin ya tambaya, yana duban fuskokin mutane.

Dogo ya dafa kafaɗar matarsa ya miƙe. Ya zagayo har ya tsaya daidai gaban Kyaftin, ya sunkuyo don tsawonsu ya zo ɗaya, ya furta kalma ɗaya bayan ɗaya yadda tsohon zai gani a bakinsa.

"Baba, da ka ce in ƙara, wallahi da na ƙara. Ba zan tambaye ka dalili ba."